Kesulal Sompura Ya Ajiye Guduma

Kafin rana ta leƙo ta bayan tsaunukan Aravalli, Kesulal Sompura ya riga ya sha shayinsa a tsaye, ya naɗa rawani, ya rataya jakar kayan aiki a kafaɗa. Matarsa Gavri takan cusa masa ƙunshin gurasar gero da ɗan barkono a jakar, ta ce ya ci kafin birai su riga shi. Daga gidansa zuwa haikalin Adinath, wurin ibadar mabiya addinin Jain na garinmu, Bilyawas, tafiyar minti ashirin ce ga mai lafiyar ƙafa. Shi yakan ci arba'in, don gwiwarsa ta hagu ta daɗe da yi masa tawaye, kuma ko ka tsaya masa da babur ba zai hau ba.

A bakin ƙofa yakan tuɓe takalmi, ya wanke ƙafa, ya leƙa wurin Dhanraj mai hidimar haikali, wanda a wannan lokacin yake durƙushe yana goga itacen ƙamshi a kan dutse don ibadar safe.

"Jai Jinendra, Kaka-sa," in ji Dhanraj, wanda ke kiransa haka, wato baffa, don girmamawa.

"Ram Ram. Ƙara ruwa, kana cinye wa mutane dutse."

Gaisuwarsu ke nan shekara da shekaru. Daga nan sai zagaye.

Baƙo in ya shigo haikalin nan, kansa sama yake yi, baki buɗe. Kesulal kuwa ƙasa yake kallo. Ya ce duk abin da ke damun rufi, da safe a daɓe za ka tarar da shi, ko ɗan farin gari, ko tsakuwa kamar ƙwayar gero, ko ɗigon ruwa. Shi ya sa yake rigan mai shara shiga. Bayan daɓe sai ginshiƙai, ɗari da goma sha shida, babu biyu masu sassaƙa iri ɗaya. Yakan ƙwanƙwasa kowanne da bayan yatsa ya kasa kunne. Wanda ya amsa garau ya wuce shi. Wanda ya amsa a dushe, sai ya ciro alli ya ɗiga masa alama a gindi, ya dawo masa da rana.

Shekara arba'in da bakwai yana wannan. A watan nan ya ajiye guduma, kuma bai kamata mutum irinsa ya koma gida shiru ba a ce komai ba.

Kesulal ba mabiyin addinin Jain ba ne. Danginsa masassaƙan dutse ne tun kakanni, su ke gina wa mutane wuraren ibada, su ke gyara su. Yana da shekara ashirin da biyu mahaifinsa ya kamu da ciwon ƙirji irin na masu shaƙar ƙurar dutse. Kwamitin haikali ya ce ɗan ya riƙe wurin kafin uban ya warke. Uban bai warke ba. Tun daga ranar Kesulal bai taɓa shigo da albasa ko tafarnuwa, waɗanda mabiya Jain ba sa ci, harabar ba, kuma ba ya kafa tsani sai ya share wurin da tsintsiya mai laushi don kada ya danne ko kiyashi. Ba wanda ya sa shi. Ya ce gidan mutane ne, yadda suke zama haka zai zauna.

Kada a ɗauka mai sanyin hali ne. Bakinsa ya fi kurfinsa kaifi. Wata shekara wani ɗan kwangila ya zo da jarkoki cike da ruwan wanke dutse, ya ce cikin mako guda zai mai da ginshiƙan fari fat kamar jiya aka sassaƙa su. Kwamiti har ya fara gyaɗa kai. Kesulal ya ɗauko guntun marmara ya jefa a kofi, ya tsiyaya ruwan a kai. Dutsen ya shiga tafasa yana kumfa a gaban kowa.

"Gaskiya ya faɗa, za su yi fari," in ji shi. "Ɗan'uwa, goga wa haƙoranka tukuna mu ga yadda za su yi nan da mako guda."

Mutumin ya kwashe jarkokinsa. Kesulal ya koma wankinsa irin na dā: ya shafa yumɓu, ya bari ya bushe ya tsotse dattin, ya ɗauraye da ruwa zalla. Ginshiƙi ɗaya yakan ci wata guda. In ya kai na ƙarshe, na farko ya sake yin duhu, sai ya koma.

Duk wanda ya shiga haikalin ya ga ɗan teburin da ke gefen ƙofa, da ƙaramin furen dutse a kai, wanda hannaye suka goge har yana sheƙi. Asalinsa wata tsohuwar malamar makaranta ce makauniya da ta zo ziyara daga Ahmedabad. Ɗanta yana jan ta yana cewa, "Mama, da kyau, da kyau sosai." Doka ta hana taɓa sassaƙa. Kesulal yana kan tsani ya ji ta ce, "Tun daga ƙofa kake cewa da kyau. Kyau kamar me? Na yi tafiyar awa shida in ji kalma ɗaya?"

Ya sauko ya gaishe ta. "Uwa, ba zan iya ba ki izinin taɓawa ba. In na ba ki, gobe mutum dubu ne. Amma ki dawo baɗi war haka."

"In ina raye."

"Ki yi ƙoƙari. Ba na son aikin banza."

Ranakun hutunsa na wata takwas ya kwashe yana kwaikwayon babban furen dutsen da ke rataye cikin ƙubbar haikalin a kan dutse mai faɗin faranti, ganye bisa ganye. Ta dawo. Dhanraj ya ce ta zauna a ƙasa, furen a cinyarta, ta fi awa guda tana bin sa da yatsu. Da ta tashi ta juya wajen ɗanta ta ce, "Ashe ba laifinka ba ne. Ni ma ban san yadda zan faɗa ba."

Amma abin da garin nan ba zai manta ba ya faru ne da damina, shekara goma sha tara da suka wuce, kuma a kan wannan babban furen ne.

Furen bado ne na marmara, yana rataye kai ƙasa daga tsakiyar ƙubbar babban zaure, zobe bakwai na ganye, kowane ganye siriri har haske na ratsa shi. Nauyinsa ya fi na bijimi. Saura kwana tara a fara Paryushan, kwanaki takwas na azumi da karatu da zauren ke cika har babu wurin sa ƙafa, Kesulal ya shigo da safe ya tarar da ɗigo ɗaya a daɓe, daidai ƙarƙashin furen. Yoyo da damina ba labari ba ne. Amma wannan ɗigon ja ne. Ya dangwala ya shinshina, ya kai harshe. Tsatsa.

Ya daɗe zaune a wurin. Kakanni ba su sa ƙarfe a gininsu ba, dutse ne ke riƙe da dutse. In akwai tsatsa, to wani ya taɓa gyara a wani zamani ya cusa ƙarfe a ciki, ƙarfen kuma ya sha ruwa yana ruɓewa. Ya ɗaure tsani biyu ya hau. Tsaga siririya kamar gashi ta kewaye wuyan furen.

Shugaban kwamiti a lokacin Seth Ghewarchand Bafna ne, ɗan kasuwar yadi, mutumin kirki mai son a yi abu a ga kyau. A shekarar iyalinsa ne suka ɗauki hidimar bikin, ya gayyato dangi da abokan kasuwanci daga ko'ina. Kesulal ya same shi a ofis.

"Seth-ji, zan kafa hasumiyar katako a tsakiyar zaure, in jera buhunan yashi a kai har su kusa taɓa furen."

"Yaushe?"

"Yau."

Seth ya cire tabarau, ya kira shi da laƙabin gwanayen magina. "Mistri-ji, kwana tara ya rage. Mutum dubu uku za su zo ganin furen nan, kai kuma ka ce za ka rufe shi da buhu? Bari biki ya wuce ka kafa abin da ka ga dama."

"Furen bai san da biki ba."

"Shekara ɗari biyar yana nan."

"Dutsen ne ya yi ɗari biyar. Ƙarfen da ke ciki ban san shekarunsa ba, ban kuma san kwanakin da suka rage masa ba."

"Za ka iya rantsewa zai faɗo?"

"A'a. Kai za ka iya rantsewa ba zai faɗo ba?"

Seth ya kirawo wani injiniya daga birni. Mutumin ya tsaya a ƙasa ya duba da madubin hangen nesa, ya ce tsagar ƙarama ce, za ta iya jira. Kwamiti ya zauna ya aika wa Kesulal da saƙo: ya haƙura sai bayan biki, in kuwa ba zai iya haƙuri ba, masassaƙa ba su ƙare a garin Pindwara ba.

'Ya'yansa uku suna makaranta a lokacin, mahaifiyarsa tana kwance ba ta tashi. Ya koma gida da rana tsaka, abin da bai saba ba, ya zauna a tsakar gida ya gaya wa Gavri duka. Ta ci gaba da murza ƙullun gero ba ta ɗaga kai ba.

"In sun kore ka, gaya ba miya za mu ci, kuma mun taɓa ci ba mu mutu ba," in ji ta. "In dutsen ya faɗo a kan 'ya'yan mutane kuwa, ko loma ɗaya ba za ka ƙara haɗiyewa ba. Na san ka. Tashi ka san wanda za ka gani."

Wadda ya gani ita ce Sadhvi Hemrekha, tsohuwa mai zuhudu da ke zaman watanni huɗun damina a garinmu, wadda kuma ita za ta ja karatun bikin. Ya tsaya nesa da ita ya haɗa tafin hannu, ya kira ta da laƙabin girmamawa.

"Maharaj-sa, ni ba malami ba ne. Amma kullum ina ganin kuna share hanya don kada ku taka ƙwaro. Mata ɗari uku za su zauna ƙarƙashin dutsen da ban amince da shi ba."

"Kai ka hau ka gani da idonka?"

"Sau uku."

"Shi injiniyan fa?"

"Takalminsa kawai ya cire."

Ta tashi ta bi shi zauren. Ya ɗaga kwanon da ya kifa a kan ɗigon, ta sunkuya ta duba. Sannan ta aika a kira Seth.

"Ghewarchand," ta ce, "ba zan buɗe littafi a zauren nan ba sai an kafa katakon. In ka fi so, mu yi karatun a fili cikin ruwa. Ni ban damu ba, baƙinka ne masu tufafin siliki."

Kwana biyar Kesulal ya yi yana kafawa, da leburori huɗu da katakon da ya bi gida gida ya aro. A kan buhunan yashi ya shimfiɗa barguna na auduga don kada ganyen ya ji ciwo, biyu daga ciki na ɗakin Gavri ne. Ya bar tazarar yatsa biyu tsakanin bargo da dutse. Abin ba kyan gani, gaskiya. Baƙi suka iso suka yi ta ɓata fuska. Wani ya raɗa wa hasumiyar suna rumbun Kesu, sunan ya bi gari. Seth ya daina amsa masa gaisuwa.

Ranar biyar ga biki, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, zaure maƙil, Sadhvi tana karatu. Sai aka ji ƙara daga sama kamar an karya busasshen ice. Katakai suka yi gurnani, yashi ya tsiyayo a kan wata mata da ke shayar da jariri. Furen ya sauko yatsa biyu ya zauna a kan barguna.

Sadhvi ta ɗaga kai ta duba, ta mai da ido kan littafi ta ci gaba daga inda ta tsaya.

Kesulal yana rumfarsa a bayan haikali lokacin da Dhanraj ya shigo a guje. Ya zo ya ratsa mutane ya hau. Ya daɗe a sama. Da ya sauko fuskarsa a murtuke, mutane suka kewaye shi, wasu na neman taɓa ƙafarsa.

"Ganye uku sun karye," ya ce. "Da na ƙara bargo ɗaya."

Abin da ya ce ke nan, ya koma rumfa.

Ranar ƙarshe ta Paryushan ita ce ranar da kowa ke neman gafarar kowa. Seth Ghewarchand ya zo rumfar cikin fararen tufafi, baƙinsa na biye da shi, ya sunkuya gaban mutumin da ya so ya kora.

"Mistri-ji, in na ɓata maka da magana ko da aiki ko a zuci, ka yafe mini."

"Babu 'in' a ciki, Seth-ji, ka ɓata. Na yafe. Ni ma na ɗaga maka murya, ka yafe. Yanzu sandar jan ƙarfe nake so, da farar ƙasa, da mazarƙwaila buhu biyu."

Wata bakwai gyaran ya ci. Da aka zaro tsohon ƙarfen, wanda dā kaurinsa ya kai wuyan hannu, tsatsa ta cinye shi ya koma kamar ƙaramin yatsa. Ya sa jan ƙarfe a madadinsa, ya kwaɓa farar ƙasa da garin marmara da mazarƙwaila yadda mahaifinsa ya koya masa, ya toshe inda ruwa ke shiga daga saman ƙubba. Ganye ukun ya sassaƙa sababbi, ya jiƙa su a ruwan shayi har launinsu ya kamo na 'yan'uwansu. Har yau masu yi wa baƙi jagora suna gardama a kan waɗanne ne. An tambaye shi, ya ce ya manta.

Kai ne, Kesulal, wanda ya yarda a yi masa dariya kwana goma sha uku don kada a yi makoki. Kai ne ka tsaya kai kaɗai gaban masu kuɗi da masu takarda, hujjarka ɗigo ɗaya, ba ka kuma ƙara wa maganarka ko kalma don ta yi nauyi ba. Da aka tambaye ka ko ka tabbata, ka ce a'a, domin ba ka tabbata ba, amma ba ka matsa ba. Jaririn da yashi ya zubo wa uwarsa yanzu yana karatun likita a Udaipur. Bai san sunanka ba.

Ba kwamiti ne ya ce ya huta ba. A hunturun bana yana goge siffar wata mai rawa a ginshiƙi na arba'in, hannunsa ya girgiza, ƙaramin yatsanta ya ɓalle ya faɗo tafinsa. Ba kowa a wurin. Da ya so, kafin azahar ya manne shi, kuma babu mahalukin da zai sani. Ya naɗe yatsan a ƙyalle ya kai ofis ya ajiye a kan tebur gaban shugaban kwamiti na yanzu.

"Ni na karya. Hannuna ya fara yi mini ƙarya. Ku nemi wani."

Suka roƙe shi. Suka ce yatsa ɗaya a shekara arba'in da bakwai ai ba komai ba ne. Ya ce shekara ɗari biyar ta yi da yatsunta goma sai da ta haɗu da shi. Abin da ya yarda kawai shi ne ya ƙara wata uku ya miƙa aikin. Wanda ya zaɓa Lalit ne, ɗan ƙanwarsa, magidanci mai shekara arba'in da ya ƙware a Pindwara. Aikin farko da ya ba shi shi ne mai da yatsan. Ya sa shi ya cire ya sake har sau biyu.

Ranar sallama aka taru a harabar haikali. Aka yafa masa mayafi, aka rataya masa furanni, aka miƙa masa kwakwa. Seth Ghewarchand, wanda yanzu sai da sanda, shi ma ya halarta, tun daga Mumbai ya sa aka ɗauko shi. Aka ce Kesulal ya yi jawabi. Ya miƙe ya dubi jama'a.

"Ku daina jingina da ginshiƙai," ya ce. "Man kanku na shiga dutse. Na gode."

Yana zama, Gavri ta ɗaga murya daga cikin mata, mayafinta rufe da rabin fuska.

"Tun da kun gama da shi, ku ba ni shi. Matakalar ɗakin girkina shekara talatin ke nan a fashe. Kullum sai ya ce gobe."

Harabar ta kece da dariya, har masu zuhudu suka rufe baki. Kesulal bai yi dariya ba. Ya juya ya ce, "Wannan dutsen ba mai kyau ba ne tun farko. Sai an canza shi duka."

"To canza."

Shekaranjiya na bi ta ƙofar gidansu. Yana durƙushe gaban matakalar da zare a hannu yana awo. Gavri ta ce kwana uku ke nan yana aunawa, bai taɓa komai ba.

Mun gode, Kaka-sa. Mun gode da safiyoyin da ba wanda ya ƙirga, da huhun da ka shaƙa wa ƙura, da gwiwar da ka bari a kan tsani. Mun gode da bakin nan naka da ya ɓata wa da yawa daga cikinmu rai, ya kuma bar mu da rai.

Ku kuma da aka danƙa wa wani abu ku riƙe, ko gada ce, ko rijiya, ko aji, ko ɗakin magani, ku dubi mutumin nan. Ku je wurin aikinku da wuri ku duba da idonku. In kun ga abin da bai kwanta muku ba, ku faɗa, ko da shugaba zai daina gaishe ku. In kuma ranar ta zo da ɓarnar daga hannunku ta fito, ku naɗe ta a ƙyalle ku kai tebur da kanku.